Layinmu ƙabila nawa ne? Muhawara a zauren 'yan layi kan takardar rijiyar burtsatse a unguwar Nasarawa Gwom, Jos

Nura Sakatare: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Kun san maganar rijiyar burtsatse da muke nema wa layinmu. Ƙungiyar da za ta haƙa ta aiko da takardar da za mu cike. Yawancin tambayoyin ba wuya: yawan gidaje, nisan inda muke ɗebo ruwa, nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, wa zai riƙe makullin injin. Amma a shafi na biyu akwai gurbin da aka ce a rubuta ƙabilun da ke zaune a wurin da yawan kowacce. Jiya bayan la'asar na ɗauki littafi na fara bi gida gida daga bakin masallaci, ban kai ƙarshen layi ba na dawo. Wata tsohuwa na tambaye ta ƙabilarta ta ce ita Musulma ce, in ban yarda ba in je in tambayi liman. Wani magidanci ya riƙe ƙyauren ƙofa ya ce wa ya aiko ni, kuma ina za a kai sunayen. Wani ya ce in rubuta Bahaushe, sai matarsa daga cikin ɗaki ta ɗaga murya ta ce, "Bahaushen ina? Babanka har ya rasu Nufanci yake yi da 'yan'uwansa." To iyaye da yayye, yaya za mu yi da wannan gurbi? Ranar Litinin za su karɓi takardar.

Sadiq Ɗan Layi: Wa alaikumus salam. Nura kai ma da wahalar da kai. Rubuta Hausawa kashi 90, sauran kashi 10, ka miƙa musu. Ai kowa ya san haka abin yake.

Malam Isa Ticha: Sadiq, a ina ka samo kashi 90 ɗin? Ba gatse nake yi ba, tambaya ce. Babu wani mahaluki a Jos da ke da wannan lissafi, ko na layinmu ko na garin baki ɗaya, domin gwamnati da kanta ta daina tambaya. Ƙidayar 2006 da aka yi zamanin Obasanjo, wadda ta ce mu miliyan 140 ne, ba ta tambayi ƙabila ba, ba ta tambayi addini ba. Ta 1991 ma haka. An cire tambayoyin ne da gangan, saboda rigimar da ta biyo bayan ƙidayar 1963 da kuma ta 1973 da aka soke gaba ɗaya. Ta 2023 kuwa kun san an ɗage ta ana saura kwanaki a fara. Abin da ƙidayar 2006 ta faɗa game da mu shi ne Jos ta Arewa na da mutum sama da 400,000, jihar Filato kuma sama da miliyan 3. Ta tsaya nan. Duk wanda ka ji yana cewa ƙabila kaza kashi kaza ce a Jos, daga cikinsa ya ciro, ko kuma yana da abin da yake so ya saya da adadin.

Sadiq Ɗan Layi: Allah ya gafarta Malam, ba sai an yi ƙidaya ba ai. Ka tsaya a bakin layi da safe ka saurari yaren da ake yi.

Rasaki Mai Fenti: To ni fa Sadiq? Hausa nake yi da safe, Hausa nake yi da dare, da Hausa nake zagin yarana in sun ɓarar min da fenti. Kakana daga Ogbomosho ya zo, babana a nan aka haife shi, ni ma a nan. In ka tsaya a bakin layi ka ji ni, a cikin kashi 90 ɗinka za ka jefa ni. Amma ranar da za a yi suna a gidana kai kanka ka san amala za ka ci. Gidajen Yarbawa a Nasarawa ba ɗaya ba ne ba biyu ba, kuma ba jiya muka zo ba.

Modu Mai Hula: Ni ma kar a sa ni. Babarbare ne ni gaba da baya, ga zane a fuska. Nura ka buɗe mana gurbinmu daban.

Bello Mai Shanu: A buɗe masa, amma a rubuta a ƙarƙashin Fulani, tunda bawa ba ya rabuwa da ubangidansa.

Modu Mai Hula: Ji wanda ya kwana a bayan saniya. Bello, in an haƙa rijiyar kar ka kawo mana garke bakin famfo.

Hajiya Laraba: Ku dai ba kwa gajiya. Ana maganar ruwa kuna wasan kakanni.

Baba Ɗanjuma Tela: Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min, ni ina faɗa. Nura ɗana, ka zo shago gobe in ba ka labari da baki, amma ga kaɗan. Garin nan kuza ce ta tara shi. Da Turawa suka buɗe haƙar kuza a farkon ƙarnin da ya wuce, daga ko'ina aka yi ta kwararowa: Kano, Zazzau, Katsina, Bauchi, Barno, Bida, har da mutanen Nijar da Chadi. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso nan a 1914, babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927, shi ya kawo Inyamurai da Yarbawa da Urobo da yawa, masu aikin ofis da masu kanti da direbobi. Lokacin yaƙin Hitila kuma, daga 1942 zuwa 1944, aikin dole aka yi ta ɗebo mutane daga ƙauyukan Arewa a kawo su ramin kuza, sanyi ya kashe da dama, waɗansu suka koma, waɗansu ba su koma ba har yau jikokinsu na nan. Kakana daga ƙasar Kano ya zo, amma matarsa Bajara ce, mahaifiyata kuma Bafulatana ce daga Wase. To ni wane gurbi za ka sa ni?

Gidan da shagona yake, in ka ɗaga kai sama da ƙofar zaure za ka ga an rubuta suna a jikin siminti tun yana ɗanye, da shekara a ƙasa. Sunan Inyamiri ne. An shafe shi da farar ƙasa ya fi a ƙirga, amma duk damina in ruwa ya wanke sai ya sake fitowa. Da nake yaro ɗakunan gidan nan a jere suke: na farko mai gidan, na biyu wani Banufe mai gyaran agogo, na uku Bayarabiya mai sayar da atamfa, can ƙurya wani ɗan Angas ɗan sanda da iyalinsa. Murhu a tsakar gida kowa da nasa, igiyar shanya ɗaya, bayan gida ɗaya, kuma da Hausa ake faɗa a kan wanda bai wanke shi ba.

Emeka Sifeya: Baba Ɗanjuma ina gaisuwa, ina wuni. Gidan da kake faɗa na san shi, na ƙanin kakana ne. A 1966 suka gudu gida da abin da hannu zai iya ɗauka. Bayan yaƙi ya ƙare a 1970 ya dawo ya tarar maƙwabci ya riƙe masa gidan, har da kuɗin haya a ƙulle cikin tsumma. Daga baya ya sayar. Mu kuma muna layin har 2008, sannan muka koma Apata. Har yanzu ina cikin wannan zaure saboda a nan na yi ƙuruciya, kuma rabin masu sayen kayana 'yan layin ne. Nura, tambayata ita ce: waɗanda suke nan yau za ka ƙirga, ko har da mu da muka tashi?

Nura Sakatare: Oga Emeka takardar ta ce mazauna. Ina jin waɗanda za su sha ruwan suke nufi.

Azi Makanike: To ga inda maganar take. Ni Afizere ne, waɗanda kuke kira Jarawa. Gidan babana yana layin har gobe, ban sayar ba, 'yan haya ne a ciki. Tun rikicin Janairun 2010 na kwashe iyali muka koma Angwan Rukuba. Ba don wani maƙwabci ya kore ni ba, Alhaji na kusa da mu ma shi ya fitar da yarana a motarsa. Amma dare in ya yi ba ka san wanda zai shigo daga wata unguwa ba. In Nura ya rubuta Hausawa kashi 90 ya sa hatimin kwamiti, takardar nan ba a ofishin masu rijiya za ta tsaya ba. Wata rana wani zai ɗauko ta ya ce ga shaida, wurin nan ba Afizere. Alhali kakannina suna noma a nan tun ba a san kwano ba. Mu da Anaguta da Birom ba jirgi ne ya kawo mu ba.

Sadiq Ɗan Layi: An zo wurin. Oga Azi, da girmanka, mu ma ba daga sama muka faɗo ba. Kakan kakana a Jos aka binne shi. Ka duba sunayen mazaɓun Jos ta Arewa: Abba Na Shehu, Ali Kazaure, Garba Daho, Ibrahim Katsina, Gangare, Sarkin Arab. Su wane ne waɗannan? An yi sarakunan Hausawa a garin nan kafin a naɗa Rwang Pam, mutumin Birom, sarki a 1947. Amma yau in na je neman takardar indijin sai a ce in tafi Kano, garin da ban san ko layi ɗaya a cikinsa ba, kuma can ma in na je cewa za su yi ɗan Jos ne. Shi ya sa nake so a ƙirga. A ƙirga kowa ya ga yawanmu.

Azi Makanike: Sadiq, ka karanto shida ka tsaya. Ka manta da Jos Jarawa, da Naraguta A da B, da Jenta Adamu, da Jenta Apata, da Tudun Wada Kabong. Sarakunan da kake faɗa kuwa na mutanen da suka zo ne, Bature ya naɗa su su kula da 'yan'uwansu a cikin gari. Kwamitin Mai Shari'a Fiberesima bayan rikicin 1994 da na Niki Tobi bayan na 2001 duk sun faɗi su wane ne 'yan ƙasa.

Sadiq Ɗan Layi: Mu kuma ba mu taɓa yarda da abin da suka faɗa ba, ka sani.

Hajiya Laraba: Sadiq, Azi sa'an babanka ne, sassauta harshe. Azi kai ma ka san yaron nan ba ƙarya yake yi ba a kan takardar indijin, 'yata da sakamakonta mai kyau haka ta rasa gurbin tallafin karatu. Amma na roƙe ku don Allah, wannan shari'ar tun da Babangida ya raba Jos a 1991 ake yinta, manya da manyan riguna sun zauna sun tashi ba su gama ba. Ba a zauren rijiya za a gama ta ba. Duk wanda ya sake kawo maganar wa ya riga wa zuwa, zan cire shi har sai an haƙa.

Malam Isa Ticha: Hajiya a yi min afuwa in ƙara abu ɗaya, ba na faɗa ba ne. Su biyun sun tsallake mazaɓu biyu, ɗaya ita ce Vanderpuye. Sunan mutanen Gana ne, daga Ankara. Akwai kuma Tafawa Balewa, cikon ta 14. Garin da har ɗan Gana ya bar sunansa a mazaɓa, Saliyawa da Kwarori 'yan Labanan suka yi kasuwanci a cikinsa, ba gari ne da za a raba gida biyu a ce an gama lissafi ba. Abin da ya faru da mu shi ne tun daga 7 ga Satumban 2001 aka fara tacewa. Kowane rikici, 2001, Nuwamban 2008, Janairun 2010, sai an yi musayar gidaje: Kirista ya bar Angwan Rogo da Rikkos, Musulmi ya bar Tudun Wada da Jenta da Angwan Rukuba. Har dillalai suka samu sana'a, a haɗa mai tashi daga nan da mai tashi daga can su yi canji. Kuma ku lura, da addini aka tace, ba da ƙabila ba. Shi ya sa Rasaki da Modu suna nan, Azi da Emeka ba sa nan. Bajari Musulmi yana nan, Bahaushe Kirista ya tashi. Saboda haka in ka kalli layin ka ce duk Hausawa ne, abin da idonka ya gani shi ne hula da hijabi.

Hadiza daga Amurka: Ina gaida iyayena. Ni ina ganin gudun ƙidayar nan da muke yi shi ke cutar da mu. A nan Amurka duk shekara 10 ake ƙidaya, ta ƙarshe a 2020, kuma ana tambayar launin fata da asali. Ɗan ƙauyen da bai kai layinmu yawa ba, in ka shiga intanet za ka ga fararen fata nawa, baƙaƙe nawa, 'yan Asiya nawa, masu asalin Latin nawa. Da wannan ake kama ƙaramar hukumar da ta hana wata unguwa makaranta ko asibiti, a kai ta kotu da alƙaluma a hannu. Ingila ma tun 1991 take tambaya. Kai ko a Afirka, Kenya ta tambayi ƙabila a 2009 da 2019 ta kuma buga sakamakon, Gana ma tana tambaya. Mu muna da Hukumar Raba Daidai da ake cewa tana tabbatar da kowa ya samu rabonsa, alhali ba wanda ya san yawan kowa. Ta yaya za a raba daidai a cikin duhu? In ba adadi, mai babbar murya shi ke da gaskiya.

Talatu Nas: Hadiza ƙawata, kin daɗe ba ki kwana a Jos ba. A can in aka ƙirga, adadi ne ke fita, sunan mutum da lambar gidansa suna ɓoye a hannun hukuma, akwai doka a kai. A nan littafin makaranta ne mai bango ja a hannun Nura, da sunan mai gida, da ƙabilarsa, da gida na nawa daga masallaci. Nura yaron kirki ne, amma littafi yana ɓata, ana ɗaukar hotonsa da waya. Ni ina cikin Kiristocin da suka rage a layin, ba mu da yawa, kowa ya san ƙofofinmu, amma sanin maƙwabci daban, rubutacce daban. Mutumin da ya riƙe ƙofa ya tambayi Nura ina za a kai sunayen ba mahaukaci ba ne. Duk wanda ya ga yadda ake tare mota a hanya ana tambayar mutum sunansa ya san abin da jerin sunaye ke iya zama.

Malam Isa Ticha: Kuma Hadiza, ba duk ƙasashen da suka ci gaba ne ke tambaya ba. Faransa ba ta tambayar launi ko ƙabila a ƙidayarta. Ruwanda ta cire ƙabila daga katin shaida bayan kisan 1994, domin da katin aka riƙa tantance wanda za a kashe a shingen hanya. Labanan kuwa tun 1932 ba ta sake ƙidaya ba, don tsoron abin da adadin addinai zai tayar. Ban ce su ne da gaskiya ba. Ina ma dai muna da hukumar da kowa ya amince da ita, da ni ne na farko da zan ce a ƙirga, don ƙaryar adadi ta yi mana ɓarna a garin nan fiye da yadda gaskiyarsa za ta yi. Amma kwamitin rijiya ba shi ne wannan hukumar ba.

Hadiza daga Amurka: Na ji maganar littafi, Anti Talatu, kuma ban da amsa a kanta. Amma Malam, Labanan ɗin da ta ƙi ƙirgawa ai ba ta tsira ba, shekara 15 ta yi tana yaƙin basasa daga 1975. Rufe ido bai hana komai ba.

Talatu Nas: Bari in ƙara miki wata. Ko an ce a ƙirga, da wane ma'auni? Babana Angas ne daga Pankshin, mamata Birom ce daga Du, mijina Tarok ne daga Langtang. Yarana uku ba wanda ke jin ko ɗaya daga cikin yarukan nan, Hausa suke yi da Turanci, a coci ma da Hausa muke waƙa. A takarda za a ce Tarok ne saboda uba. A asibiti kuwa in mai haƙuri ya zo ba na tambayar ƙabilarsa, ina tambayar yaren da zai gane bayanin magani da shi. In masu rijiya suna da hankali abin da ya kamata su tambaya ke nan, don su san da wane yare za su rubuta allon ka'idojin famfo.

Rasaki Mai Fenti: Anti Talatu ta gama magana. Ƙanwata tana auren Bakatsine, ɗansu sunansa Abdulganiyu, a gida ana ce masa Gani, a makaranta Abdul. Ku raba shi biyu mu gani.

Maman Fa'iza: Ni duk wannan bai dame ni ba, ku gafarce ni. Ku maza kuna ta lissafin kakanni, mu ne muke tashi da asuba. Rijiyar gidanmu tun watan Janairu take ƙafewa, sai ka zura guga ka ji ta bugi dutse. Daga nan har ruwan farko ya sauka sayen ruwa muke yi, kuma in sanyin Jos ya kankama mai kura ba ya fitowa da wuri, yara su tafi makaranta ba wanka. Nura, in lissafi kake so, ga waɗanda littafinka ba zai gani ba, don kai masu gida kake tambaya. Gidan da ke kallon namu akwai mutanen Gwoza da Bama da suka zo gudun Boko Haram, ɗaki ɗaya mutum ya fi takwas, yarensu ma ba Barbarci ba ne, Modu ya gwada bai ji ba. Akwai Fulanin da suka baro ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da rikici ya cinye musu shanu. Akwai almajiran Malam na zaure, daga Jigawa da Bauchi da Nijar, su ma ruwa suke sha. Akwai ɗaliban jami'a masu haya, bana suna nan baɗi sun tafi. Akwai Buzaye masu gadi. Akwai matan aure da aka kawo daga garuruwa daban daban, ni kaina Bazazzagiya ce, kishiyata Bagobira. In ka rubuta ƙabilar mai gida ka wuce, ka bar fiye da rabin masu ɗaukar bokiti a waje.

Modu Mai Hula: Gaskiya ne, na gaishe su da Kanuri suka amsa da Hausa. Mutanen dutsen Gwoza yarukansu daban ne.

Baba Ɗanjuma Tela: Maman Fa'iza Allah ya yi miki albarka. Da can in baƙo ya zauna a benci na shago ba na tambayarsa, fuskarsa nake kallo. Zanen Barebari daban, na Gobirawa daban, na Nufawa daban, na Yarbawan Ogbomosho daban. Yanzu yaran da ake kawo min awon kayan sallah duk fuska sumul, ba ka gane ɗan kowa sai ka tambayi sunan kakansa, shi ma wani bai sani ba.

Sadiq Ɗan Layi: To shi ke nan, kowa ya fita daga Hausa, saura ni kaɗai. Amma ranar zaɓe da ranar rikici duk Hausawa ake kiranmu, ba wanda ke tsayawa tambayar Rasaki ko daga Ogbomosho yake.

Rasaki Mai Fenti: Wannan kam ka faɗi gaskiya. A 2008 shagona bai tsira ba don ni Bayarabe ne.

Azi Makanike: Mu ma haka. Can ɓangarenku duk wanda ba ya sallah Birom ne ko arne, ko Angas ne ko Inyamiri ko Tibi. Ni an sha kirana Birom, alhali ko gaisuwarsu sai da na koya.

Emeka Sifeya: Ni da aka haifa a Jos, in na je ƙauyenmu Kirsimeti ce min suke yi ɗan Hausa.

Nura Sakatare: Jama'a na gode. Na kira matar da ke kula da aikin a ƙungiyar, na karanta mata wasu daga cikin maganganunku ba tare da suna ba. Ta ce gurbin ba dole ne a sa adadi ba. Masu ba su kuɗi ne ke so su tabbatar ba za a haƙa rijiya wani ɓangare ya hana wani ɗiba ba, don sun taɓa ganin haka a wani wuri, aka sa wa famfo kwaɗo aka ce na 'yan masallaci ne kawai. Abin da take so shi ne jimillar mutane, da jerin al'ummomin da ke wurin ko ba adadi, da kuma shaida cewa kwamitin rijiyar ba mutanen gida ɗaya ba ne, kuma akwai mata a ciki. Shafukan da na riga na rubuta sunaye na yage su, Anti Talatu in kina so ki zo ki ƙona da hannunki.

Talatu Nas: Zan zo in karɓa in na taso daga aiki.

Hajiya Laraba: Madalla. To a sa Talatu da Maman Fa'iza a kwamiti, da Rasaki, da mutum ɗaya daga mutanen Gwoza. Makulli kuma kar a ajiye shi a masallaci ko a gidan wani babba, a ba Baba Ɗanjuma tunda shagonsa a buɗe yake tun safe har magariba.

Azi Makanike: A sa Afizere a jerin. 'Yan hayata biyu Afizere ne, kuma gidan nawa ne. Kuɗin gudummawa kuma a faɗa min nawa ne kowane gida, zan biya nawa.

Malam Isa Ticha: A sa. Nura, jimillar mutane kuma ka bi ta hannun mata, kowane gida a tambayi uwargida mutum nawa ke kwana, har da almajirai da 'yan haya. Ba suna, ba ƙabila, lamba kawai.

Sadiq Ɗan Layi: Na yarda, amma wa za a fara rubutawa a jerin? Don na san halin mutane, wanda ke sama shi za a ce mai wuri.

Nura Sakatare: Bisa haruffa zan jera, a, ba, ca, da.

Sadiq Ɗan Layi: Wato Afizere a sama ke nan, Angas na biye, Hausa sai can tsakiya. Nura da wa ka haɗa baki?

Rasaki Mai Fenti: Kai da ka samu tsakiya kana kuka? Mu Yarbawa muna can ƙasa ba mu ce komai ba.

Bello Mai Shanu: Ni matsalata ɗaya, Barebari sun riga Fulani. A gyara.

Modu Mai Hula: Ba za a gyara ba. Nura kar ka kuskura ka rubuta Kanuri, Barebari za ka sa.

Hadiza daga Amurka: Ni dai har yanzu ina kan bakana, wata rana sai an yi ƙidayar gaskiya a ƙasar nan. Nura turo min lambar asusun kwamiti ta akwatin sirri, zan sa hannu a kuɗin sola.

Hajiya Laraba: Taro ranar Asabar ƙarfe 4:30 a ƙofar shagon Baba Ɗanjuma, an zaɓi Asabar don masu zuwa coci da masu Juma'a duk su samu. Azi da Emeka ku zo da wuri ku koma kafin duhu. Sadiq kai za ka kawo benci daga makarantar allo, guda huɗu, kuma ka mayar da su da kanka.